Yadda Ake Kafa Turken Goga Ƙaho da Tonon Dabara Don Farautar Barewa a Amurka

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga 'yan uwa mazauna jihohin Ohio, Wisconsin, Minnesota da Pennsylvania, musamman waɗanda ba su daɗe da yankar lasisin farauta ba, ita ce yadda mutum zai kafa itacen da namijin barewa zai riƙa goga ƙahonsa, da yadda zai share ƙasa ta yi kama da tonon da dabbar take yi da kofatonta. Barewar da ake magana a kanta ita ce mai farar wutsiya, wadda namijinta yake da ƙaho mai rassa da yake zubarwa tsakanin Janairu da Maris ya sake fitar da sabo kowace shekara. Ta bambanta da barewar da muka sani a Sahel mai ƙaho na dindindin, saboda haka wannan dabara ta dazukan Amurka da Kanada ce.

Sunaye uku zan riƙa maimaitawa. Turke shi ne itacen da za ka kafa domin namiji ya goga ƙaho da goshi. Tono shi ne filin ƙasa tsirara da namiji yake sharewa da ƙafafun gaba sannan ya yi fitsari a ciki, irinsa da ka yi da hannunka kuma shi nake kira tonon dabara. Reshen lasa shi ne reshen da yake rataye bisa tonon, wanda barewa take lasa, ta tauna, ta shafa fuska a jikinsa. Kafin ka kashe ko dala ɗaya, ka riƙe wannan a ranka: turke da tono ba sa kiran barewa daga nesa. Aikinsu shi ne su tsayar da wadda dama take bi ta wurin, a daidai inda kake so, ta ɗan jima hankalinta yana kan reshe.

Kayan aiki da abin da za su ci

Za ka buƙaci dagi ko mahaƙar rami mai baki biyu, wadda ake samu tsakanin dala 30 zuwa 60, sai shebur, manjagara, ƙaramin zarto, magagari, na'urar huda katako mai batir da ƙusoshi masu juyi, waya mai kauri, safar hannu ta roba da dogon takalmin roba. Idan a filin da kake da izini za ka sare itacen, turken kyauta ne. Idan kuma saye za ka yi, turken itacen sida (cedar) irin na shinge yakan kama dala 10 zuwa 20 a kantunan kayan gona. Kyamarar daji, wadda take ɗaukar hoto da kanta idan ta ga motsi, tana farawa daga wajen dala 40 ta haura 150, wadda take aiko hoto ta wayar salula kuma tana da kuɗin wata. Kwalbar turaren barewa takan kama dala 10 zuwa 20, kuma ita ce ta ƙarshe a muhimmanci duk da cewa ita masu kanti suka fi tallatawa.

1. Fara da doka da izini

Kowace jiha tana da littafin dokokin farauta da hukumar kula da namun dajinta take fitarwa duk shekara, kuma na bana shi za ka karanta domin dokokin suna canzawa. Abu uku za ka duba. Na farko, ko an yarda a yi amfani da fitsarin barewa na gaske. Jihohin Virginia da Vermont sun haramta shi tun 2015, Pennsylvania kuma ta taɓa hana shi a yankunan da ta keɓe saboda cutar CWD, cutar da take lalata ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka fara gano ta a Colorado a 1967 ta kuma ɓulla a Wisconsin a 2002. Na biyu, dokar kyamara: Arizona ta hana amfani da ita wajen farauta daga Janairun 2022, Kansas kuma ta hana kafa ta a filayen gwamnati a 2023. Na uku, abin da aka yarda mutum ya yi a dajin gwamnati, domin a mafi yawansu laifi ne sare ɗanyen itace, ko buga ƙusa a jikin bishiya, ko barin wani abin da aka kafa.

Idan filin na wani ne, ka nemi izininsa a rubuce, ka kuma nuna masa ainihin inda za ka haƙa rami. Manomin da tarakta ko injin girbinsa ya ci karo da turken da bai san da shi ba, da wuya ya sake buɗe maka ƙofa.

Gargaɗi: kafin ka haƙa rami kusa da hanya, gida ko gefen gona, ka kira lamba 811 kwanaki kaɗan kafin ranar aikin. Kyauta ne, za a zo a yi alamar inda bututun gas da wayoyin lantarki suke binne.

2. Zaɓi wuri, ka fara daga inda za ka zauna

A nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya kafa turke a wuri mai kyan gani, sannan daga baya ya fara neman bishiyar da zai hau. Tsarin da ya dace shi ne ka fara zaɓar mazauninka, ko dandamali ne a kan bishiya ko rumfar ɓuya ce a ƙasa, ka tabbatar kana da hanyar shiga da fita wadda ba za ta ratsa makwancin barewa ko wurin kiwonta ba, sannan ka auna inda turken zai tsaya. Ga mai baka da kibiya, yadi 15 zuwa 25 ya isa. Mai bindiga yana iya kai shi yadi 50 zuwa 100, gwargwadon buɗewar wurin.

Sai iska. Barewa da hanci take rayuwa, kuma babu sabulu ko feshin da zai ɓoye warin mutum idan iska tana ɗaukarsa kai tsaye zuwa gare ta. A yawancin jihohin tsakiya da na arewa, iskar Oktoba da Nuwamba daga yamma ko arewa maso yamma take tasowa, saboda haka mazauninka ya kasance gabas ko kudu maso gabas da turken. Akwai kuma wata ɗabi'a ta manyan maza da ya kamata ka yi lissafinta. Namijin da ya kai shekara huɗu ko biyar sau da yawa ba ya zuwa kan tonon da rana, sai ya bi ta ɓangaren da iska take kaɗawa, cikin duhuwa, ya sunsuno labarin daga nesa ya wuce. Idan akwai irin wannan duhuwar a bayan mazauninka, to kai ne zai sunsuno. Mafi kyau shi ne bayanka ya kasance wurin da barewa ba ta son bi, kamar rafi mai zurfi, gangare mai tsauri ko fili fetal.

Wuraren da suka fi karɓar wannan aiki su ne mahaɗar hanyoyin barewa biyu ko uku, tsohuwar hanyar masu saran katako a cikin daji, ɓarakar shinge inda suke ƙetarewa, bakin ƙaramin tafki, da 'yar ƙaramar gonar ciyawa da ake shuka musu a tsakiyar daji. Babban fili kamar gonar masara ko ta waken suya yana ba da hotuna masu yawa, amma yawancinsu na tsakar dare ne. Binciken da masana na Jami'ar Georgia suka yi da kyamarori ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin 100 na ziyarar da maza suke kai wa tono da dare ake yin ta. Wannan adadi shi ya sa nake ba da shawarar a ja baya daga bakin gona a shiga daji kamar yadi 50 zuwa 100, tsakanin makwanci da wurin kiwo, inda namiji yake tsayawa da yamma yana jiran duhu kafin ya fito fili. A nan ne kake da rabon ganinsa da sauran haske.

Ƙasar wurin ta kasance shimfiɗaɗɗiya, ba mai riƙe ruwa ba, ba mai duwatsu ba. Ka kuma duba yadda dabbar za ta tsaya: so ake idan ta ɗaga kai ta kama reshe, haƙarƙarinta ya fuskance ka, fuskarta kuma ta kau daga gare ka, domin ka samu damar jan baka ba tare da ta ga motsi ba.

Gargaɗi: kada ka cika wuri da tono. Ɗaya ko biyu a gaban kowane mazauni sun isa. Idan a filinka ne kuma akwai wasu rassa masu sauko da yawa a kewayen da kibiyarka ba za ta kai ba, ka datse su domin naka ya zama shi ne zaɓi.

3. Lokacin aiki

Ƙahon namiji yana girma ne lulluɓe da fata mai laushi kamar karammiski, kuma a jihohin arewa yana fara gurje ta daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba. Turkenka ya kamata ya riga wannan lokaci tsayawa, wato ka kafa shi a Yuli ko farkon Agusta, domin warin hannunka ya gushe, dabbobin kuma su saba da ganinsa. Reshen lasa ana iya rataya shi a kowane wata, domin maza da mata har da 'ya'ya suna amfani da shi duk shekara. Tonon ƙasa yana zafi ne daga tsakiyar Oktoba zuwa makon farko na Nuwamba, gab da barbara. Da zarar barbara ta kankama a tsakiyar Nuwamba, maza sukan bar tono su bi mata, sai kuma a ga ɗan motsi bayan kimanin kwana 28, lokacin da matan da ba su ɗauki ciki ba suke sake neman namiji. A kudu lissafin ya bambanta, domin a sassa da yawa na Alabama sai Janairu ko Fabrairu ake barbara, saboda haka mazaunin can ya tambayi hukumar jiharsa kwanakin yankinsa ya ja jadawalin baya.

Ka yi aikin da tsakar rana, lokacin da barewa take kwance, kuma idan ka samu ranar da ake sa ran ruwan sama da yamma, ta fi.

Gargaɗi: Yuli da Agusta lokacin kaska ne, kuma kaskar barewa tana ɗauke da cutar Lyme, wadda ta yi yawa a arewa maso gabas da yankin Wisconsin da Minnesota. Ka sa dogon wando ka cusa shi cikin safa, ka fesa wa tufafin maganin kaska, ka kuma duba jikinka da kyau idan ka koma gida.

4. Zaɓen itacen turke

Namiji ya fi son itace mai taushi, mai ƙamshi, wanda ɓawonsa yake saɓulewa cikin sauƙi. Sida ita ce kan gaba saboda ƙamshinta da kuma jimirinta a cikin ƙasa, sai fayin (pine), da basud (basswood), da sasafaras (sassafras), da wilo (willow), da asfen (aspen). Hanya mafi sauƙi ta sanin wanda ya dace da yankinka ita ce ka zaga dajin ka ga irin itacen da maza suka fi gogawa bara, ka nemi irinsa. Kaurinsa ya kasance inci 4 zuwa 6, tsawonsa ƙafa 8 zuwa 10, ɗanye, da ɓawonsa. Ka datse duk rassan da suke ƙasa da ƙafa 4 daga inda zai fito daga rami, domin namiji yana son gangar jiki mai santsi da zai zura ƙahonsa ya yi sama da ƙasa. Idan itacen yana da reshe mai kyau a sama wanda ya miƙe gefe, ka bar shi, domin ya rage maka aikin mataki na shida.

Gargaɗi: kada ka sayi katakon da aka jiƙa da maganin hana ruɓewa, mai launin kore-kore. Yana da tauri, yana da warin sinadari, kuma ba shi da ɓawon da zai ja hankalin dabbar.

5. Haƙa rami da kafa turke

Ka haƙa rami mai zurfin ƙafa biyu da rabi zuwa uku. Babban namiji a jihohin arewa yana wuce kilo 100, wuyansa kuma yana kumbura lokacin barbara, idan ya jingina ƙarfinsa a kan turke sai ka ce bijimi ne. Turkena na farko a rami mai ƙafa ɗaya da rabi na kafa shi saboda ƙasar ta yi tauri na gaji, kuma kafin tsakiyar Oktoba na same shi kwance, aikin shekarar ya tafi a banza. Tun daga lokacin nake buga ɗan guntun katako mai tsawon taƙi ɗaya a gicciye a gindin turken kafin in saka shi, wanda yake hana shi juyawa ko tugewa.

Idan ka tsayar da shi, ka riƙa zuba ƙasa kaɗan-kaɗan, kamar inci 6 a kowane zubi, kana daddaɓe ta da ƙotar shebur ko sandar ƙarfe kafin ka ƙara. Ba a buƙatar siminti, kuma siminti yana wahalar da kai ranar da za ka sauya itacen. Wanda yake da niyyar amfani da wurin shekara da shekaru yana iya binne bututun roba mai faɗin inci 6 a ramin, ya riƙa zura sabon itace a ciki kowace shekara yana matse shi da 'yan guntayen katako. Bayan ka gama, ka kama turken da hannu biyu ka jijjiga shi da duk ƙarfinka. Idan ya ɗan yi lilo daga sama babu laifi, maza ma suna son itacen da yake mayar musu da martani, amma gindin kada ya motsa.

Daga nan ka ɗauki magagari ka kankare ɓawon a gefen da ya fuskanci hanyar da barewa take fitowa, daga tsayin gwiwa zuwa ƙugu, har farin itacen ya bayyana. Wannan farin yana ɗaukar ido daga nesa ko da a hasken almuru, kuma kankarar tana fitar da ƙamshin itacen. Kada ka zagaye shi duka, faɗin tafin hannu ya isa, sauran aikin nasu ne.

Akwai wani salo da wasu mafarautan Iowa suka yayata, na kwantar da itacen gogawa. Ana kafa gajerun turaka biyu da tazarar ƙafa 4 zuwa 5, a ɗaura ɗanyen gungumen fayin a gicciye a tsakaninsu daidai tsayin gwiwa ko sama kaɗan. Yana aiki a wasu wurare ƙwarai, amma ina ganin mai farawa ya fara da tsayayye, wanda zai ɗauki reshen lasa a jikinsa.

6. Rataya reshen lasa

Idan za ka yi sakaci da wani mataki, kada ya zama wannan. Tonon da ba shi da reshe a samansa share ƙasa ne kawai, barewa za ta taka ta wuce. Dalili kuwa shi ne a reshen ne ake barin saƙo: dabbar tana da maɓuɓɓugar wari a goshi, da wata a gaban kowane ido, ga kuma miyau, duk tana shafa su a kan reshen, wadda ta zo bayanta ta sunsuna ta san wanda ya wuce, ita ma ta bar nata. Na sha ganin reshe shi kaɗai, ba tare da na taɓa ƙasa ba, maza sun zo sun tona ƙarƙashinsa da kansu.

Bakin reshen ya sauko zuwa ƙafa 4 zuwa 5 daga ƙasa, wato wajen ƙirjin mutum matsakaici. Idan ya yi sama da haka ƙananan maza da mata ba za su kai ba, alhali zirga-zirgarsu ce take jawo babban. Kaurin bakinsa kada ya wuce ɗan yatsa, ya kuma miƙe ƙafa 3 zuwa 4 daga jikin turken domin dabbar ta samu wurin tsayawa a ƙarƙashinsa. Reshen itacen ok (oak) da aka yanka da ɗanyen ganye yana riƙe ganyensa har cikin sanyi ko da ya bushe, shi ya sa na fi son sa. Ka huda rami a jikin turken a tsayin ƙafa 5 zuwa 6, ka zura gindin reshen, ka danne shi da ƙusa mai juyi biyu, sannan ka karya ɗan bakinsa ka bar shi yana reto kamar wata barewa ta riga ta tauna.

Inda babu turke, kana iya janyo reshen wata bishiya mai rai ka ɗaure shi ya sauko, ko ka rataya kurangar inabin daji mai kaurin inci ɗaya a tsaye daga wani reshe na sama, bakinta ya tsaya tsakanin ƙugu da ƙirji. Kuranga tana da kyau domin tana lilo, namiji yana jin daɗin dukanta da ƙaho, kuma tana shekara biyu ko uku ba ta lalace ba. Wasu suna amfani da igiyar rama mai kauri su warware bakinta ya yi buzu-buzu. Sabuwar igiya tana da warin mai daga masana'anta, sai an shanya ta a waje ruwa da rana sun dake ta na wasu makonni kafin a kai ta daji.

Gargaɗi na farko: wajen yankan kuranga, ka kiyayi tsiron nan mai hawa bishiya wanda jikinsa yake da gashi-gashi, ganyensa uku-uku. Ruwansa yana sa ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi, ko da ganyen ya zube. Kurangar inabi ɓawonta yana saɓulewa ne zare-zare, ba ta da wannan gashin.

Gargaɗi na biyu: kada ka bar waya ko igiya da madauki ko saura mai reto a tsayin da ƙaho zai kai. Namiji yana iya sarƙewa ya mutu a wurin cikin wahala, wannan kuwa zalunci ne da ɗan kula kaɗan yake hanawa. Ka datse duk saura, ka lanƙwashe bakin waya ya shige cikin itace.

7. Share tonon

A ƙarƙashin bakin reshen daidai, ka share wuri mai faɗin ƙafa 3, mai siffar ƙwai, har ka kai ga ƙasa tsirara. Ka cire ciyawa da saiwarta, domin ciyawar da aka bari takan sake rufe wurin cikin mako biyu. Ka watsa ganye da ƙasar da ka share zuwa gefe ɗaya, baya da turken, kamar yadda kofato yake yi, ka kuma ja 'yan layuka a ƙasar da sanda. Warin sabuwar ƙasa shi kansa yana tsayar da barewa. Duk wannan aikin da safar hannu da takalmin roba za ka yi shi, kada ka durƙusa a wurin, kada gumin goshinka ya taɓa reshen.

8. Batun turare

Ana iya tsallake wannan mataki gaba ɗaya, kuma a wurin da aka zaɓa da kyau sakamakon ba ya bambanta sosai. Masana a Jami'ar Stephen F. Austin ta jihar Texas sun gwada zuba abubuwa daban-daban a tonon dabara, suka ga maza suna ziyartar wanda aka zuba wa fitsarin mutum kamar yadda suke ziyartar wanda aka zuba wa na barewa. Wannan ya isa ya nuna cewa son sanin sabon abu ne yake kawo su da farko, daga baya warin 'yan uwansu ya riƙe su.

Wanda yake son ya yi amfani da turare, ya sayi na haɗin masana'anta domin ya kuɓuta daga matsalar doka da ta cuta. Na maɓuɓɓugar ido ko goshi a reshe ake ɗiga shi, ɗigo uku ko huɗu, na fitsarin namiji kuma a ƙasa. Akwai 'yar jaka mai ɗigo da ake ratayawa sama da reshen, wadda take sakin ruwan idan rana ta ɗumama ta, ta tsaya da dare, da nufin saba wa namiji zuwa da rana. Idan za ka sa ta, ka rataya ta sama da ƙafa 6 inda ƙaho ba zai kai ba.

Gargaɗi: kada ka zuba turaren macen da take neman barbara a Satumba ko farkon Oktoba. Lokacinsa bai yi ba, yana korar mata daga wurin, idan mata suka ƙaurace kuma maza ma za su rage zuwa. Haka nan kada ka haɗa da gishiri, masara ko wani abin ci, domin a jihohi da yawa wannan ya zama ajiye abinci don jan dabba, wanda laifi ne mai tara.

9. Kafa kyamara

Ka ɗaura ta yadi 5 zuwa 7 daga tonon, tana kallon arewa domin hasken fitowar rana da faɗuwarta kada ya wanke hoton. Na fi son in ɗaga ta sama da kai in karkato ta ƙasa, saboda manyan maza sukan tsorata da akwatin da yake daidai idonsu. Ka sa ta a tsarin bidiyo na daƙiƙa 15 zuwa 20 ko hoto uku a jere, ta haka za ka ga ta inda dabbar ta fito da inda ta nufa, wanda ya fi hoton ƙahonta amfani. Batirin litiyam ya fi jure sanyi. Idan ba mai aiko hoto ta waya ba ce, kada ka riƙa zuwa duba ta fiye da sau ɗaya a mako biyu, da tsakar rana, domin yawan zuwanka shi ne abin da ya fi saurin mayar da namiji mai yawon dare.

10. Ranar zama, da gyaran shekara

Kada ka hau mazaunin da ke kan tonon tun ranar buɗe farauta kana maimaitawa kullum. Ka adana shi sai kwanaki goma na ƙarshen Oktoba da makon farko na Nuwamba, ka zaɓi ranar da sanyi ya sauko bayan kwanakin ɗumi, ko ranar da ruwan sama ya ɗauke, domin maza sukan zaga su sabunta tonon da ruwa ya wanke. Idan iskar ranar ba ta dace da mazaunin ba, ka haƙura ka tafi wani, zama ɗaya da mummunar iska yana iya ɓata aikin wata uku. Ka kiyaye sa'o'in harbi na jiharka, waɗanda a yawancin jihohi suke farawa rabin sa'a kafin fitowar rana su ƙare da faɗuwarta ko rabin sa'a bayanta, ka kuma sa riga da hula masu ruwan lemo a lokacin farautar bindiga inda doka ta wajabta.

Idan namiji ya zo, ka bari sai ya ɗaga kai ya shagala da reshen kafin ka ja baka, ka nufi bayan kafaɗa inda huhu yake. Idan yana fuskantarka, ka jira ya juya, ko da hakan zai sa ya tafi. Musulmi ya ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya ko harsashi, idan kuma ya iske dabbar da sauran rai ya yanka ta nan take.

Gargaɗi: faɗowa daga bishiya yana cikin abubuwan da suka fi raunata mafarautan barewa a Amurka. Ka ɗaura ɗamarar tsaro mai kama dukan jiki tun daga ƙasa har ka sauko, ka kuma jawo baka ko bindigar da ba a ɗura ba da igiya bayan ka zauna.

Idan mako uku suka wuce a cikin Oktoba kyamara ba ta nuna ko mace ɗaya ta sunsuni reshen ba, kada ka ƙara turare. Ka fara duba tsayin reshen, idan daidai yake to wurin ne bai dace ba, sai ka matsar da shi zuwa hanyar da sawu ya fi yawa. Turken da aka karɓa kuwa ka bar shi a inda yake, domin maza sukan koma wa itace ɗaya shekara bayan shekara har ya sirance a tsakiya. A Yuli mai zuwa ka sake daddaɓe gindinsa, ka cire busasshen reshe ka sa ɗanye a ramin da ka huda, ka ɗaura guntun tsohon reshen a jikin sabon domin warin bara ya zauna, ka kuma share ciyawar da ta rufe tonon.